Dell R720 tokunbo bayan shekara guda a hannuna, da yadda ta riƙa maƙalewa wajen kashewa

Tun watan jiya nake son rubuta wannan, saboda mutum uku ne suka tambaye ni a kan sabar nan da muka saya wa ofishin Alhaji, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ajiye bayanansu a kanta, ta yi ko ba ta yi ba, kuma duk wanda ya tambaya sai ya haɗa da "ai mun ji ta ba ku wahala". To eh, mun sha wahala a kanta kam, kwana da kwanaki ban yi barcin kirki ba, amma da aka bi diddigi laifin ba nata ba ne, kuma abin da ya fitar da mu ma a jikinta yake. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana komai yadda ya faru, wanda zai saya ya san me zai saya, wanda kuma tasa take irin wannan maƙalewar ya san inda zai fara leƙawa kafin wani ya ce masa ya canza bod, wato babban allon cikin inji da ake jona komai a jikinsa.

Wurin da nake kula wa da kwamfutoci dilan kayan masarufi ne a nan Kano, sito biyu da ofis ɗaya, mutum huɗu ne a kan tebur suna yanka rasit daga safe har yamma, duk a kan manhaja ɗaya ta lissafin kaya da kuɗi. Da a kan wata destof ake ajiye komai, ranar da ta ƙi tashi aka yini ana rubuta rasit da biro, daga nan Alhaji ya ce a nemo abu mai ƙwari. Wani dila a Computer Village da ke Ikeja ya haɗo mana PowerEdge R720, aka sako ta a mota muka ɗauka a tasha. Furosesa biyu Xeon E5-2650 v2, RAM 64GB, katin RAID PERC H710, dis huɗu na SAS da na haɗa RAID 10, wato kowane bayani yana da kwafi a dis biyu, fawa sufulai biyu masu wat 750, sai iDRAC7, abin kula da injin daga nesa, mai lasin Enterprise, wanda a lokacin ban ma ɗauke shi wani abu ba, dilan ne ya ce "oga ka ƙara kaɗan ka ɗauki mai Enterprise" na ƙara don kar a yi ta ja-in-ja. Kuɗi ba zan faɗa ba don dala ta riga ta sauya lissafin, abin da muka biya bara ba shi za ka biya yau ba.

Injin tsoho ne, wannan kowa ya sani, tun 2012 Dell ta fitar da wannan samfurin, amma ƙira ce ta gaske. Idan ka buɗe murfin ba ka buƙatar sukundireba, fanka shida a jere kowacce za ka iya zare ta ka mayar injin na aiki, ramin RAM 24, komai da alamar launi a jiki. Nauyi kuwa sai mutum biyu, in an cika ta da dis ta kusa kilo 30. Na ɗora mata Proxmox VE, wannan manhajar ta kamfanin Ostiriya da ke zaune a kan Debian, na yi VM biyu a ciki, wato kwamfutoci biyu na manhaja da ke gudana a cikin inji ɗaya, ɗaya Windows mai ɗauke da manhajar lissafi da rumbun bayananta, ɗaya Linux ta fayilolin da ake rabawa. Sai wata 'yar NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ke kan netwok, mai dis biyu a gefe da muke tura bakof cikinta ta NFS, hanyar raba fayiloli ta netwok. Ku riƙe maganar NAS ɗin nan, za mu dawo kanta.

Mu ba ma barin saba a kunne da dare. Na san masu aiki a manyan wurare za su ce ai saba ba a kashe ta, to su suna da wutar da ba ta yankewa, mu sola ce da inbata da batir huɗu, kuma iDRAC na nuna min tana jan wat 130 zuwa 150 ko ba a komai, in ka bar ta har asuba batir ya ƙwanƙwame, ga firjin ofis ga fitilun tsaro. Don haka tsarin shi ne ƙarfe shida da rabi an tashi, yaron ofis ya danna madannin wuta sau ɗaya ya saki, ita kuma ta rufe VM ɗinta ɗaya bayan ɗaya ta mutu da kanta, in ya ji fanka ta yi shiru ya ja ƙofa. Wata shida ana haka lafiya lau.

A wata na bakwai abin ya fara, kuma ni ban sani ba sai bayan kusan kwana goma. Wata safiya akawu ya kira ni wai manhajar ta ƙi buɗewa tana cewa rumbun bayanai na buƙatar gyara, da aka gyara kuma rasit biyar na ƙarshen jiya babu su, alhali ga kwafinsu na takarda a hannun kwastoma. Cikina ya ɗuri ruwa wallahi, don rasit a wurin dila kuɗi ne, in lissafin sito ya saɓa da na ofis mutum ake zargi ba kwamfuta ba. Na zaunar da yaron na ce gaya min yadda kake kashe ta. Ya ce "Yaya ni fa yadda ka nuna min nake yi, amma kwanan nan in na danna ba ta mutuwa, sai in tsaya in tsaya har a kira magariba tana ta ƙara, shi ne nake danne madannin in riƙe sai ta ɗauke." Ban yi masa faɗa ba, me zai yi, an bar shi da makulli ga sallah ga gida da nisa. Amma danne madannin nan ka riƙe daidai yake da fizge waya daga soket. Katin H710 yana da batir da ke kare abin da ya riga ya shigo ma'ajiyarsa, amma abin da ke cikin RAM na Windows bai kai ga dis ba ya tafi kenan, kuma abin da ya ci rasit ɗinmu kenan.

Alhaji da ya ji, kafin in ce komai ya sa an kira wani mai gyara da wani abokinsa ya ba shi lamba. Mutumin ya zo, bai shiga Proxmox ba, bai tambayi ƙarfe nawa abin ke faruwa ba, ya buɗe murfi ya hura ƙura ya zare RAM ya mayar, ya ce bod ne ya fara gajiya, tokunbo dama haka suke, a kawo kuɗi ya sa a turo wani daga Legas. A nan ne iDRAC ta fara biyan kuɗinta. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce a cikin sabar, da nata ramin netwok daban a baya, muddin wayar wuta na jiki tana raye ko da sabar a kashe take, kana shiga ta burauza ka ga lafiyar komai. Na buɗe a gaban Alhaji na nuna masa, zafi kore, fanka kore, RAM kore, dis huɗu duk lafiya, batirin RAID lafiya, rajistar matsalolin injin babu ko layi ɗaya ja in ban da ranar da na zare waya ɗaya da gangan ina gwaji. Ɗan allon da ke gaban injin ma shuɗi yake, in da matsala a jiki ruwan lemo yake komawa ya rubuta lambar matsalar. Na ce ranka ya daɗe, injin da kansa yana cewa lafiyarsa ƙalau, a ba ni sati ɗaya kafin a kashe kuɗin bod. Ya ce "to Malam, sati ɗaya, amma kar in sake jin rasit ya ɓace."

Ranar Lahadi da ba kowa na zo da safe na zauna gabanta da monita na kashe ta da kaina. Ta mutu, amma sai da ta ɗauki minti uku da wani abu. Na sake, haka. Minti uku cif ɗin nan ya tsaya min a rai, don Proxmox in ya ce wa VM ta rufe yana jiranta daƙiƙa 180, in ba ta rufe ba ya kashe ta da ƙarfi. Wato Windows ɗin ba ta ma jin kiran. Da na duba, na kunna zaɓin QEMU Guest Agent, 'yar manhajar da ke karɓar saƙon Proxmox a cikin VM, a saitin VM ɗin tun ranar farko amma ban taɓa saka shi a cikin Windows ɗin ba, to Proxmox na aika saƙo ga ɗan aiken da babu shi. Kenan wata shida ana kashe rumbun bayananmu da ƙarfi kullum, Allah ne kawai ya tsare, don a lokacin an riga an tashi babu mai rubuta komai. Na ɗauko faifan virtio-win na saka direban da agent ɗin, na gwada, ƙasa da minti ɗaya komai ya rufe fanka ta yi shiru. Na kuma gyara jerin tashi da rufewa a Proxmox yadda ya kamata, wadda ta fara tashi ita ce ƙarshen rufewa. Na koma gida ina murna, har na kira Alhaji na ce an gano.

Litinin ƙarfe bakwai saura yaron ya kira, "Yaya ta ƙi fa." Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

A daren nan na shiga intanet kamar kowa, kuma shawarar da ta fi yawa ita ce ka buɗe fayil ɗin system.conf ka rage DefaultTimeoutStopSec daga daƙiƙa 90 zuwa 10 ko 5. Don Allah kar ku yi wannan a kan injin da ke ɗauke da lissafin mutane. Daƙiƙa 90 ɗin nan lokaci ne da systemd, mai kunna ayyuka da rufe su a Linux, ke ba kowane aiki ya tattara kayansa ya rubuta abin da ke hannunsa kafin a kashe shi, in ka rage ba ka gyara komai ba, ka dai koya wa injin ya riƙa yin abin da yaron ofis ke yi da yatsa, gudun gara an faɗa gidan zago. Wasu kuma suka ce a ƙara reboot=pci ko reboot=acpi a layin kanel, wannan yana da wurinsa, amma na injin da ya gama rufe komai ne ya kai ƙarshe ya kasa juyawa, mu tamu ko rabin hanya ba ta kai ba. Abin da ya dame ni shi ne me ya sa da safe take mutuwa lafiya da yamma ta ƙi. Inji ɗaya, madanni ɗaya, bambancin kawai agogo.

Talata da rana na shirya. Na tabbatar ina iya shiga netwok ɗin ofis daga gida ta VPN da ke kan rauta, na kunna debug-shell na systemd, wanda ke buɗe maka tagar umarni ta root a tty9 da ba ta rufewa ko an fara kashe inji, don SSH, hanyar da aka saba shiga inji daga nesa, yana daga cikin abubuwan da ke saurin mutuwa in an fara rufewa, ka ga a daidai lokacin da kake buƙatar shiga an kulle maka ƙofa. Gargaɗi a nan, tagar nan ba ta tambayar faswod, in ka gama aikinka ka kashe ta. Na ce wa yaron yau in ka danna kar ka taɓa komai, ka tsaya kusa da waya.

Shida da minti talatin da biyar ina zaune a tabarma a tsakar gida da laftof a cinya, na buɗe allon sabar ta iDRAC, abin da monitan ofis ke nunawa shi nake gani a gabana, baƙin allo da fararen rubutu. Ya danna. Layuka suka fara gudu, Stopped wannan Stopped wancan, koren OK a gefe, sai suka tsaya cak a layi ɗaya da jajayen taurari uku suna kai da kawowa: A stop job is running for PVE guests, a gabansa agogo na ƙirga, 2min, 3min, 5min, bayan agogon kuma an rubuta no limit. Kalmomi biyun nan su suka warware min rabin zancen, aikin da ke rufe VM ba shi da wa'adi, ko da na rage daƙiƙa 90 ɗin can ba abin da zai taɓa shi. Na koma tty9 ta madannan allon, na buga systemctl list-jobs, jerin ayyuka duk suna waiting, guda ɗaya ne running. Na duba ayyukan da ke gudana, na ga vzdump, wato mai ɗaukar bakof, yana nan a raye, wasu kuma da harafin D a gabansu, alamar suna jiran dis ko netwok sun ƙi motsi. Na buga qm list da qm config na ga VM ɗin Windows a kulle, lock: backup. Sai dmesg, kuma ga shi ƙarara, nfs: server, lambar NAS ɗinmu, not responding, still trying. An fara kiran salla a masallacin layinmu, yaron ya kira yana cewa Yaya zan tafi masallaci, na ce minti ɗaya, duba 'yar baƙar akwatin nan da ke ƙasan tebur, fitilarta na ci? Ya ce a'a a kashe take. Na ce danna mata madanni ka je ka yi sallarka, nima na tashi na yi alwala. Da na dawo daga masallaci na tarar da allon ya yi baƙi, iDRAC na nuna Power State: OFF, ta mutu da kanta babu wanda ya danne komai. Washegari a cikin journalctl -b -1, wanda ke nuna maka rajistar kunnawar da ta gabata, na ga layin nfs: server OK daidai lokacin da NAS ta gama tashi, daga nan komai ya bi layi ya rufe.

Ga yadda abin yake. Lokacin da aka haɗa sola, don a rage wa batir nauyi, na sa wa NAS jadawalin kashe kanta ƙarfe shida daidai. Bakof kuma na sa shi biyar da rabi, a lokacin minti goma sha biyar yake ɗauka ya gama, akwai rata mai yawa. Amma vzdump in yana turawa NFS kullum cikakken kwafi yake ɗauka, ba abin da ya ƙaru kawai ba, kuma a wata shidan nan an cika fayilolin ofis da hotunan takardun mota da na kaya da aka yi sikanin, har da bidiyoyin waya da ba su da alaƙa da aiki, bakof ya yi ta tsawo a hankali har ranar da ya haura shida. NAS ta kashe kanta ana tsakiyar zuba mata kaya. Shi kuma NFS a yadda yake zuwa hard ne, ma'ana in ɗaya ɓangaren ya ɓace ba ya haƙura ya ce an kasa, zai yi ta jira yana sake gwadawa har abada, kuma da gangan aka yi shi haka don kar bayanai su lalace. Bakof na jiran NAS, VM na kulle tana jiran bakof, Proxmox na jiran VM, systemd na jiran Proxmox, yaron ofis na jiran fanka ta yi shiru. Har ƙorafin da akawu ya yi min sau biyu cewa manhajar na nauyi in shida ta wuce, na ce masa netwok ne, ashe wannan ne, don lokacin bakof duk abin da VM za ta rubuta a wurin da ba a kwafe ba sai an fara tura tsohon zuwa NAS. Daga baya na ga systemd yana da wa'adin minti 30 a kan kashewa da ristat gaba ɗaya, in ya cika ya yanke da ƙarfi, amma wa zai tsaya minti talatin da magariba, kuma yankewa da ƙarfin ai ita muke gudu.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba maƙalewar ba ce ma. Da na buɗe tarihin ayyuka a Proxmox, sama da sati biyu babu bakof ɗin Windows ko ɗaya da ya kammala da OK. Ana kashe inji da ƙarfi kullum, kuma babu sabon kwafi. Ban saita imel na sanarwa ba, shi ya sa ban ji komai ba. Ranar na saita shi kafin in sha ruwa.

Gyaran bai ci ko kwabo ba. Na mayar da bakof ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da ake rufe ofis a tafi azahar da cin abinci, rana na tsaka sola na ba da wuta sosai, babu mai yanka rasit. Na matsar da kashewar NAS zuwa bakwai da rabi, ita ce ƙarshen mutuwa ita ce farkon tashi. Na kwashe bidiyoyin nan na yi magana da masu zubawa. Na yi tunanin mayar da NFS ɗin soft, wanda ke haƙura bayan ɗan lokaci ya ba da kuskure, amma littafin NFS da kansa ya yi gargaɗin cewa soft na iya lalata bayanai shiru ba ka sani ba, ni kuma bakof da ya lalace ban sani ba ya fi min rashin bakof tsoro, don haka na bar shi hard na gyara jadawalin. Yaron kuma na ce masa in ta wuce minti biyar ba ta mutu ba ya kira ni kawai ya tafi, zan kashe ta daga gida, tunda ta iDRAC akwai kashewa ta lalama, akwai ta ƙarfi, akwai kunnawa, duk daga waya ma ana yi.

To a matsayin kaya, me zan ce a kan R720? Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da sharaɗi, kar ka saya sai da lasin Enterprise. Mai Express zai nuna maka lafiyar inji ya bar ka ka kunna ka kashe, amma ba zai nuna maka allo ba, kuma allon nan shi ne komai a irin wannan matsalar, don saƙon da ke gaya maka abin da ake jira a monita yake fitowa lokacin da duk sauran ƙofofi sun rufe. Ba don shi ba da sai dai in riƙa kwana a ofis, ko kuma da mun sayi bod, kuma sabon bod ɗin ma haka zai maƙale ƙarfe shida da rabi. Lasin yana ɗaure da lambar Service Tag ta injin, don haka ka sa dila ya buɗe shafin iDRAC ya nuna maka a bidiyo kafin ka tura kuɗi, in ta iso hannunka ka sauke kwafin lasin ka adana. Ka tambayi famwayar da ke kai, tsofaffin sai da Java suke buɗe allo kuma haɗa Java da burauzar yanzu aiki ne, daga 2.30.30.30 aka samu HTML5, tawa na kai ta 2.65.65.65, in taka ta tsufa sosai ka hau mataki-mataki kar ka yi tsalle ɗaya. Sannan faswod ɗin da take zuwa da shi, root da calvin, duniya duk ta sani, ka canza ranar farko, kuma kar ka kuskura ka buɗe iDRAC ga intanet kai tsaye, ta VPN kawai. Ka sa a duba maka batirin katin RAID ma, in ya mutu katin na daina riƙe rubutu a ma'ajiyarsa, sai ka ga inji ya yi nauyi ka rasa dalili.

Abubuwan da za ka haƙura da su kuwa akwai. Ƙara, musamman lokacin tashi, fankokin nan shida in suka ɗauka gaba ɗaya sai ka ɗaga murya, daga baya su lafa amma ba abin ajiyewa kusa da teburin akawu ba ce. Tashi kuma tana ɗaukar lokacinta, minti uku zuwa huɗu tana duba RAM da sauran kaya kafin ma ta fara loda Proxmox, ranar da nake ta gwajin kashewa da kunnawa wannan jiran ya ishe ni, kuma wanda bai saba ba zai ɗauka ta maƙale ne ya sake danne madanni. Zafi shi ne babba a wurinmu, an ƙera ta ne don iskar da ke shiga kar ta wuce digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu Kano na haura 40, sai da muka mayar da ita ɗakin da ke da silin da taga ta arewa muka sa fanka, ina kallon zafin a iDRAC kullum da rana. Lokacin hunturu kuma ƙura, duk sati biyu sai na zare fankokin na hure, in ka ga abin da ke fita sai ka tausaya mata. Wutar da take ja ma ka lissafa da batirinka tun kafin ka saya, wanda aikinsa fayiloli ne kawai da mutum biyu ƙaramar kwamfuta ta ishe shi, ba sai ya ɗauko wannan ba.

Saiti ɗaya da na so a BIOS shi ne AC Power Recovery, inda za ka ce mata in wuta ta dawo ta tashi da kanta ko ta zauna a kashe ko ta koma yadda take, har da jinkirin da za ka sa mata. Na sa On da jinkirin daƙiƙa 240, saboda in inbata ta yanke ta dawo NAS ta riga ta tashi, kar a sake samun mai jiran wani. Abin da ya rage min yanzu shi ne ƙaramar UPS mai USB da zan sa tsakanin inbata da saba, in haɗa da NUT, manhajar da ke sa ido a kan UPS, yadda in batir ya yi ƙasa za ta rufe kanta tun kafin wuta ta yanke, inbatarmu ba ta da hanyar gaya wa kwamfuta komai. Na kai wa Alhaji lissafin, ya ce bayan sallah.

Wata biyar kenan ba ta sake maƙalewa ba. Jiya ma na duba, yaron ya danna shida da minti talatin da biyu, shida da talatin da uku iDRAC ta nuna OFF, imel ɗin bakof kuma ya shigo tun biyu saura da OK ɗinsa.